Wai raino za a je jami'a a koya?

Ɗiyar yayata ta samu gurbin karatu a fannin ilimin ƙananan yara, sai gida ya koma kamar wurin jaje. Kawunta ya dube ta ya ce, "Ke kuwa, duk makin nan da kika ci, raino za ki je ki koya? Hajiya ta raini goma ba ta taɓa shiga aji ba." Yarinya ta sunkuyar da kai, na ga idonta ya kawo ruwa. Tun ranar abin yake cina.

Hajiya ta raini goma, babu musu, Allah ya saka mata da Aljanna. Amma ba ita kaɗai ta yi rainon ba. Gidan gandu ne, ga kaka, ga goggo, ga matan 'yan uwa, yaro ya yi kuka hannu biyar ya miƙo. Yau amarya tana ɗaki biyu na haya a bayan gari, miji ya fita tun asuba, abokin hirar ɗanta waya ce. Kuma ko a gidan Hajiyar, yaron da ya kai shekara uku bai fara magana ba cewa ake yi nauyin baki ne, ko miskilanci ya gado, ko a ce iska ce a nufi gidan mai magani. Sau nawa aka tuna a gwada kunnensa? Wanda ya karanci wannan fanni ya san abin da ya kamata ɗan wata tara ya iya, da abin da in ɗan shekara biyu bai yi ba za a garzaya asibiti tun ana iya gyarawa. Wannan kaɗai ya isa a yi digiri a kansa.

Kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu, a nan ƙwaƙwalwa take ginuwa da saurin da ba za ta ƙara yi ba. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Yaranmu ke nan, fiye da rabi.

A Kingston ta ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki irin waɗannan yara aka riƙa tura ma'aikatan lafiya na unguwa gidajensu sau ɗaya a mako har shekara biyu. Zama suke yi da uwa su nuna mata yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa hira, ta yabe shi in ya yi daidai, da kayan wasan da aka haɗa da tarkacen gida. Bayan shekara 20 da aka bi sawunsu, kuɗin da suke samu ya fi na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kusan kashi 25. Wasa da hira fa! Amma sai da aka horar da masu shiga gidajen.

Dokoki muna da su. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin bai-ɗaya na matakin farko, ta haɗa da kula da yara kafin firamare, Kano ta samu dokar kare yara a 2023, an kuma kafa dokar majalisar ma'aikatan jin daɗin jama'a ta ƙasa a 2022. To wa zai yi aikin? In aure ya mutu ana zaman sulhu a kan kayan ɗaki da kuɗin ciyarwa, da wuya a samu mai tambayar me ya sa yaron ya koma fitsarin kwance.

Su ma jami'o'in ina da magana da su. A karanta Piaget, Baturen nan masanin yadda tunanin yara ke bunƙasa, ban hana ba, amma ɗalibar da za ta yi aiki a Ringim ko Funtuwa tana bukatar a zauna da ita a kan goyo da tatsuniya da kunyar ɗan fari, da abin da ke faruwa a zuciyar yaron da aka kai yaye gidan kaka dare ɗaya. Kuma maza su shigo, domin cefane a hannun maigida yake, shi kuwa ya fi sauraren ɗan uwansa namiji a majalisa.

Albashi kam abin tausayi ne, kawun nata bai yi ƙarya ba a nan. Makarantun kuɗi da yawa wadda ta gama sakandare suke jefa wa ajin 'yan shekara uku saboda arha, ƙwararru a kai su manyan azuzuwa. Mu iyaye ne ba ma tambayar wa ke riƙe mana yara daga safe zuwa azahar, shi ya sa.

Na kira yarinyar nan na ce kada ta canza kwas. Ranar Litinin in Allah ya kai mu ni zan raka ta rajista.