Wa ke nuna wa ɗan SS3 hanya kafin ya cike JAMB?

Idan aka buɗe rajistar JAMB ka leƙa cibiyoyin CBT, wato inda ake rajista da zana jarrabawar a kwamfuta, a Kano ko Zariya, za ka ga yara a layi kowa da lambar NIN ɗinsa a 'yar takarda, da yawansu kuma sai sun zauna gaban mai kwamfuta sannan suke tunanin abin da za su karanta. A ce wane kwas, yaro ya ce likitanci a BUK ko ABU tunda shi ya ji ana faɗa a gida, alhali Kemistiri ɗinsa ko kiredit babu. Wani ma darussa huɗun da zai zana basu dace da kwas ɗin ba, ba zai sani ba sai an gama ba da gurbi ya ga shiru.

Ni dai ban ga laifin yaran ba. Shekara shida suna sakandare ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce ga hanyoyin da ke akwai, ofishin malamin ba da shawara a makarantun gwamnati da yawa suna ne kawai, ko a liƙa wa malamin da darasi ya riga ya yi wa yawa. A jarrabawar JAMB ta 2025 sama da mutum miliyan 1.5 cikin kusan miliyan 2 ba su kai maki 200 ba, to ina za su? Mu kuma abin da muka iya faɗa musu shi ne "ka sake gwadawa baɗi", shekara ta wuce, wata ta bi ta, yarinya a ce ta yi aure kawai, namiji ya koma bakin titi.

Kuma hanyoyin nan suna nan wallahi. Akwai ƙaramar difloma (ND) a poli shekara biyu, ka yi shekara guda ta koyon aiki ka dawo babbar difloma (HND). Akwai NCE, takardar shaidar malanta, shekara uku wadda da ita ana iya shiga jami'a kai tsaye aji biyu, haka IJMB, karatun share fagen shiga jami'a da ABU ke gudanarwa, ga makarantun jinya da na kiwon lafiya da asibitocin karkara ke neman ɗalibansu ruwa a jallo. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha da ke Kaduna ma tana da tsarin NSQ da ke ba mai sana'a takardar shaidar ƙwarewa, irin abin da Kaduna Poli ta fara da maƙeran kasuwar Panteka ta Kaduna. Tun 2024 kuma akwai bashin karatu na NELFUND a manyan makarantun gwamnati.

Za a ce ai iyaye na gudun poli ne saboda ana fifita mai digiri a kan mai HND wurin ɗaukar aiki da ƙarin girma, wannan gaskiya ne kuma gyaransa na wuyan gwamnati. Amma hakan bai hana a faɗa wa yaro gaskiyar kowace hanya ya zaɓa da idonsa buɗe ba.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kowace jiha ba, tun daga JSS3 lokacin raba ajin kimiyya da na adabi a samu malami guda a kowace makaranta wanda aikinsa kenan, ya san ƙasidar JAMB ciki da bai, ya riƙa gayyato tsoffin ɗalibai, nas da mai gyaran sola da akanta, su zo su faɗi yadda suka bi da abin da suka kashe, kuma a kira iyaye su zauna a wurin tunda su ne za su biya kuɗin fom.