Rok na nuna hannu, pop na nuna fuska

A kashe sautin talabijin a bar hoto kaɗai, mai ido zai gane cikin 'yan daƙiƙoƙi ko bidiyon waƙar rok ne a gabansa ko na pop, wato salo biyu na kiɗan zamani na Turawa. Ba haka kawai abin ya zo ba. Kowane ɓangare yana da abin da yake son mai kallo ya yarda da shi, kuma daga nan duk al'adunsa na hoto suka fito. Rok yana son ka yarda cewa mutanen nan da hannunsu suke fitar da sautin da kake ji. Pop yana son ka riƙe fuskar mutum ɗaya da motsin jikinsa har ka iya gane shi ko daga nesa. Abin da ke damuna shi ne yadda masu haɗa bidiyo da yawa ke ɗauko hayaƙi da fitilu masu launi da saurin yanka, wato sauyawa daga hoto zuwa hoto, ba tare da sanin aikin da kowanne yake yi ba, sai a kashe kuɗi a fito da abu mai kyalli amma babu rai.

Tun kafin MTV, tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi, ta fara aiki a Amurka ranar 1 ga Agusta 1981, an riga an fara kafa tubalin. A 1975 ƙungiyar Queen ta ɗauki bidiyon Bohemian Rhapsody a Elstree da ke Ingila cikin awa huɗu ko makamancin haka, Bruce Gowers ne darakta. Ku duba yadda aka raba shi: inda waƙar ta koma muryoyi zalla, fuskoki huɗu ne cikin duhu, haske na sauko musu daga sama, inda jita da ganga suka shigo, sai a koma dandamali a nuna su suna kiɗa. Hoto yana bin ginin waƙar. Har yau wannan ita ce ƙa'idar farko, kuma ita aka fi karyawa.

A bidiyon rok, abin da ake kira wasan ƙungiya shi ne ƙashin baya. Ana kunna waƙar da aka riga aka gama a situdiyo ta lasifika, makaɗan su bi ta daga farko har ƙarshe, ba sau ɗaya ba. Ana fara ɗaukar su gaba ɗaya daga nesa sau biyu ko uku, sannan a bi kowa shi kaɗai ya yi waƙar cikakkiya: mawaƙi, mai jita, mai bes (jita mai kaurin murya), mai ganga. Bayan haka a ɗora kyamara a kafaɗa a shiga tsakaninsu, daga ƙarshe a ɗauki ƙananan abubuwa, yatsu a kan tsirkiya, ƙafa a kan fedar babbar ganga, sanda tana sauka. Ƙungiya mai mutum huɗu za ta iya maimaita waƙa ɗaya sau goma sha biyar ko fiye a wuni guda. Shi ya sa darakta mai lura ba ya barin mai ganga sai ƙarshe, domin shi ne ya fi kowa gajiya, kuma gajiyarsa tana fitowa a kafaɗunsa. Gumi ma yana da lissafi: idan an ɗauki farkon waƙar da yamma bayan riga ta jiƙe, aka haɗa da hoton safe da riga busasshiya, mai kallo zai ga rigar tana jiƙewa tana bushewa daga yanka zuwa yanka.

Ganga ita ce babbar matsala a wurin ɗauka. Ƙararta tana danne lasifika, sai kowa ya daina jin waƙar ya fara kauce wa bugun. Maganin da aka saba shi ne a shimfiɗa roba a kan fatar gangunan, a cusa matashi ko bargo cikin babbar, su kuma farantan tagulla a liƙa musu tef ta ƙasa ko a ɗora biyu a haɗe don ƙararsu ta mutu. Da haka zai doka da ƙarfinsa na gaske, ƙarar kuma ta ragu. Idan aka ce masa ya riƙa dokawa a hankali, an kashe bidiyon, domin ƙarfin damtse ba ya ƙaryatuwa a hoto. Haka jita mai amfani da lantarki: a sa mata wayarta ta tafi har cikin amfilifaya, akwatin ƙara sauti, ko da ba a kunna ba. Masu sauraron rok da yawa suna taɓa jita da kansu, suna ganin ramin waya a buɗe ko yatsu a wurin da bai dace da sautin ba, sun gama yanke hukunci. Edita, mai yanka hotunan ya haɗa su, shi ma yana da nasa laifin a nan, idan ya ɗauko hoton hannun mai jita daga baiti ya liƙa a kan amshi don kawai ya yi masa kyau.

Wurin da ake zaɓa, wato tsohon sito, gareji, ɗakin atisaye, filin wasan makaranta, duk saƙo ɗaya ne: ba mu yi ado don ku ba. Bidiyon ƙungiyar Nirvana na Smells Like Teen Spirit da Samuel Bayer ya yi a 1991 ya kafa wannan kamanni ga wani zamani sukutum: zauren wasannin makaranta da aka gina a situdiyo, haske mai ruwan ƙasa-ƙasa, hayaƙi, 'yan kallo da suka ƙare da hargitsa wurin. Kyamara tana yawan zama ƙasa tana kallon sama da gilashin kyamara mai ɗaukar fili da faɗi, irin milimita 16 zuwa 24, don makaɗi ya yi girma, wuyan jita ya miƙo kamar zai fito daga allo.

Hayaƙin nan da kowa ke so, aikinsa ɗaya ne: ya sa a ga jikin haske a cikin iska. Kuma ba ya yin haka sai fitilar tana bayan mawaƙi ko gefen bayansa tana fuskantar kyamara. Idan ka haska shi daga gaba, hoto ne kawai zai yi fari-fari ya rasa zurfi. Akwai bambanci tsakanin injin da ke fitar da hayaƙi mai kauri dunƙule-dunƙule da wanda ke fitar da siriri mai bazuwa kamar hazo. Na biyun ake buƙata. A rufe ƙofofi, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, a saki hayaƙin, a kaɗa shi da kwali ya bazu, a jira ya kwanta kafin a danna. Sannan a riƙa duba kaurinsa kafin kowace ɗauka, in ba haka ba hoto ɗaya zai fito garau, na kusa da shi ya fito dishi-dishi, kuma gyaran launi ba ya daidaita wannan yadda ya kamata.

Pop kuwa daga fuska yake farawa. Akwai ɗauka guda da ba a tsallakewa: mawaƙiya tana kallon cikin kyamara kai tsaye, daga kafaɗa zuwa sama, ta rera waƙar gaba ɗaya. A fim an hana ɗan wasa kallon kyamara, a nan kuwa shi ne ginshiƙi, domin ana son mai kallo ya ji da shi ake magana. Ana amfani da gilashi mai tsawo, milimita 85 ko sama, saboda mai faɗi idan ya matso kusa yana kumbura hanci ya tura kunnuwa baya. Fitila babba mai laushi tana zama sama da kyamara kaɗan, a sa farin allo ƙarƙashin haɓa ya cike inuwar ido da wuya, a tabbata ɗigon haske ya fito a cikin ƙwayar ido. Idon da babu wannan ɗigon yana fitowa a mace. Wanda yake shakkar ƙarfin wannan ɗauka ya tuna bidiyon Sinéad O'Connor na Nothing Compares 2 U a 1990: mafi yawansa fuskarta ce kaɗai a gaban baƙin bango, kuma shi ya ci kyautar bidiyon shekara ta MTV.

A nan ne nake ganin ɓarna mafi yawa ga masu baƙar fata. Ana watsa wa fuska shuɗi ko jan haske zalla don a ga an yi a wani bidiyo, sai kamannin mutum su ɓace, ya zama inuwa mai launi. Launi wurinsa bango da gefen kafaɗa da gashi. Fuska a bar mata farin haske mai laushi daga babban tushe. Kada kuma a kashe sheƙin fata gaba ɗaya da hoda, domin baƙar fata da sheƙin take nuna siffarta. Goshi da karan hanci kawai ake ragewa. Tufafi masu siraran layuka a guje su, suna rawa a kyamara.

Rawa tana da tata doka, kuma masu yanka ne ke yawan taka ta. Idan an yi wahalar koyon rawa, a nuna jiki daga kai har tafin ƙafa, a bar motsi ya kai ƙarshensa kafin a yanke. Bidiyon Single Ladies na Beyoncé da Jake Nava ya yi a 2008 mata uku ne a fili marar komai, baƙi da fari, yankan kaɗan ne kuma an ɓoye su, shi ya sa duniya ta iya kwaikwayon rawar. Saurin yanka a kan rawa yawanci ɓoye rashin atisaye yake yi, kuma masu kallo sun san haka. Canjin kaya da wuri shi ma ba don nuna arziki aka ƙirƙiro shi ba. Alama ce: baiti na da nasa wurin, amshi na da nasa, duk sanda amshi ya dawo sai ido ya koma inda ya sani, da haka waƙar ke zama a ƙwaƙwalwa. Wuri uku da aka raba bisa ginin waƙa sun fi bakwai da aka watsa barkatai.

Bin waƙa da baki shi ne inda ƙaramin kuskure ke rusa komai, a rok da pop baki ɗaya. Mawaƙi ya rera da murya sosai, kada ya motsa leɓe kawai. Jijiyar wuya da numfashi da ɗagawar ƙirji su ne shaidar. A sa ƙwanƙwasa huɗu ko takwas kafin waƙar ta fara don kowa ya shiga tare, kuma a bar kyamara ta ɗauki sautin lasifikar don edita ya samu abin daidaitawa. Ga wani abu da ba a cika lura da shi ba: sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa. A ɗauka mai firem 25 a daƙiƙa, wato hotuna 25 da kyamara ke ɗauka kowace daƙiƙa, lasifikar da ke nesa da mawaƙi mita 14 tana sa bakinsa ya makara da firem guda. Idan yana tsaye wuri ɗaya, edita zai ja hoton ya daidaita. Idan kuwa yana tafiya yana nisa da ita, makarar tana ƙaruwa a hankali, babu ja ɗaya da zai gyara. A ɗauki ƙaramar lasifika a bi shi da ita, ko a sa masa ɗan abin ji a kunnen da kyamara ba ta gani.

Wannan salon da ake ganin gashi da mayafi na tashi a hankali amma baki yana daidai da waƙar, lissafi ne kawai. Idan bidiyon zai fita a firem 25 kuma ka ɗauka a 50, dole a kunna waƙar da ninki biyu na saurinta a wurin ɗauka, mawaƙi ya bi ta a haka. Waƙar minti uku ta zama minti ɗaya da rabi. Waƙa mai kalmomi da yawa ba ta biyuwa a wannan saurin, sai a ɗauka a firem 30 a ƙara saurin waƙar da kashi 20 cikin 100, a samu laushi kaɗan. A shirya waɗannan kwafin tun kafin ranar, a ba mawaƙi ya yi atisaye. Chris Martin, mawaƙin ƙungiyar Coldplay, sai da ya koyi rera The Scientist a juye don bidiyon 2002 da ke tafiya da baya. Irin wannan shirin ba a yinsa a lokeshan.

Ƙara yawan firem yana jawo wata matsalar da ta shafe mu kai tsaye. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar, kamar ta Ingila, tana kan zagaye 50 a daƙiƙa, ta Amurka 60. Wanda ya kwafi saitin firem 60 daga masu koyarwa na Amurka ya ɗauka ƙarƙashin fitilun gida zai ga hoto yana ƙyaftawa ko layuka na bi ta kansa. A tsaya kan firem 25 ko 50, saurin shata, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane firem, ya zama 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa. Idan da janareta ake aiki, zagayensa yana hawa yana sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, don haka a gwada kowace fitila a saurin da za a ɗauka, musamman masu arha da aka rage wa haske.

Yanka a kan bugu kuma ba yana nufin kowane bugu ba. Waƙa mai bugu 120 a minti tana ba da bugu ɗaya kowane rabin daƙiƙa, wato firem 12 da rabi. Editan da ya yanka kowane firem 12 ba tare da saurare ba, bayan bugu 16 ya riga waƙar da firem 8, kusan sulusin daƙiƙa. A sa alama da kunne a kan kowane bugu, a bar baiti ya numfasa da hotuna masu tsawo, a ajiye saurin don amshi. Idan an fara da gudu tun daƙiƙar farko, babu inda za a ƙara sa'ad da waƙar ta tashi.

Yanzu da mutane da yawa ke fara ganin waƙa a TikTok da Instagram, allon tsaye ya shigo lissafi. Idan aka yanko hoton tsaye daga na kwance mai faɗin ɗigon hoto 1920, abin da ke saura kusan 608 ne, bai kai sulusi ba. Pop bai sha wahala sosai ba tunda mutum ɗaya ne a tsakiya. Rok ne ya ji jiki, domin mutum huɗu a jere ba sa shiga. Masu dabara suna jera ƙungiyar a zurfi, mawaƙi a gaba, mai ganga a bayansa a kan ɗan dandamali don ya fito ta saman kafaɗa, masu jita su matso ciki, sannan a sa layin allon tsaye a kan monita tun lokacin ɗauka, a kuma ware ɗauka ɗaya cikakkiya da kyamara a tsaye don amshi.