"Don Amfaninka Na Yi": Nasiha Ga Masu Kiran Itachi Gwarzo

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ƙannena matasa masu bibiyar labaran zane na ƙasar Japan, yau da ku nake. Da zarar wani ya ɗora hoton Itachi Uchiha a Facebook ko TikTok, sai yabo ya ɓarke a ƙasa. Wannan ya ce babu yaya kamarsa, wancan ya ce gwarzo ne da ya ɗauki baƙin jini don ya ceci garinsu, har ka tarar da mai addu'ar Allah ya ba shi yaya irinsa. Wannan addu'ar ce ta tayar mini da hankali. Ɗan uwa, ka san abin da kake roƙo kuwa?

Hukuncin kallon irin waɗannan finafinai na bar wa malamai, su ne da wurin. Abin da ya dame ni shi ne abin da ke zama a zuciya bayan an kashe waya.

Ga wanda bai san labarin ba, Naruto labarin zane ne da Masashi Kishimoto ya riƙa fitarwa mako-mako a mujallar Weekly Shonen Jump daga 1999 zuwa 2014, babi 700 a juzu'i 72, aka kuma fara mayar da shi fim ɗin zane a 2002. A cikinsa akwai ƙauyen ninja mai suna Konoha, da wani babban gida da ake kira Uchiha, waɗanda aikin 'yan sandan ƙauyen ke hannunsu. Itachi shi ne ɗan farin Fugaku, shugaban gidan. Yana ɗan shekara 13 ya bi danginsa cikin dare ɗaya ya karkashe su, har uwarsa Mikoto da ubansa. Ƙanensa Sasuke kaɗai ya bari. Yaron ya dawo gida a makare, ya tarar da gawawwaki a kan titin unguwarsu, ya tura ƙofar ɗaki ya ga iyayensa kwance cikin jini, yayansa tsaye a kansu. Da ya tambayi dalili, aka ce masa gwajin ƙarfi ne kawai, kuma idan yana son fansa to ya rayu da ƙiyayya.

Shekara da shekaru masu karatu suna tsine wa Itachi. Sai a 2008, bayan ya mutu a gaban Sasuke a ƙarshen gumurzunsu, labarin ya juya. Ashe gidan Uchiha juyin mulki suke shiryawa, saboda an zarge su, an ware su a gefen gari, an sa musu ido. Ashe Itachi leƙen asiri yake yi wa shugabannin ƙauyen a kan gidansu. Shugaban ƙauyen, Hiruzen, yana neman a ba shi lokaci a sasanta, amma wani dattijo mai suna Danzo ya ja yaron gefe ya ba shi zaɓi biyu: ko ya tsaya da danginsa a shafe su gaba ɗaya har da ƙanensa, ko ya kashe su da hannunsa a bar masa ƙanen. Daga baya aka nuna daren da kansa. Uwa da uba sun durƙusa sun juya masa baya, ba su ɗaga hannu ba. Uban ya ba shi amanar Sasuke, ya ce yana alfahari da shi. Takobin na rawa a hannun yaron, hawaye na zuba.

Duk mai zuciya zai ji wani abu a wannan wurin, ni ma na ji. Tausayi ba laifi ba ne. Amma ku dubi abin da ya faru da masu karatu: waɗanda suka yi ta tsinuwa jiya, su ne suka wayi gari suna kiransa waliyyi. Gawar ko ɗaya ba ta tashi ba, tsofaffi da mata da yaran da ba su san komai game da juyin mulki ba suna nan inda aka bar su. Abin da ya sauya kawai shi ne an buɗe mana dalilinsa. Daga nan ne nake jin wasunmu suna jawo hadisi, wai ai ayyuka suna tare da niyya.

Subhanallah. Hadisin Sayyidina Umar ne, Allah ya ƙara masa yarda, kuma da shi Imam Bukhari ya buɗe littafinsa. Malamai sun yi bayaninsa tun da daɗewa: niyya ita ke sa aikin ibada ya karɓu ko ya lalace, ita ke mayar da cin abinci da barci su zama lada. Ba ta mayar da haram ya zama halal. Wanda ya yi sata don ya gina masallaci ɓarawo ne. Allah ya faɗa a Suratul Ma'ida, aya ta 32, cewa wanda ya kashe rai ɗaya ba don ya kashe wani ran ba, ba kuma don ɓarna a bayan ƙasa ba, kamar ya kashe mutane ne baki ɗaya. Ya maimaita a wurare da dama, ciki har da Suratul An'am aya ta 164, cewa babu ran da ke ɗaukar nauyin laifin wani. Ko a fagen yaƙi da abokan gaba, da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga gawar mace, sai ya hana kashe mata da ƙananan yara. Ballantana iyaye, waɗanda Allah ya ce a Suratu Luƙman ko da shirka suka tilasta maka kada ka bi su, amma ka zauna da su da kyautatawa a duniya.

Ku koma Suratu Yusuf ku karanta aya ta 9 a hankali. 'Yan uwan Annabi Yusuf, alaihis salam, sun ce a kashe shi ko a jefar da shi wata ƙasa mai nisa, fuskar mahaifinsu ta koma gare su su kaɗai, sannan bayan haka su zama mutanen kirki. Ku lura, ba su ce mu mugaye ne ba. Sun tanadi shirin zama salihai tun kafin su aikata laifin. Haka Shaiɗan yake shigo wa mutum a cikin gidansu, yana nuna masa alherin da ke can gaba har ya daina ganin rijiyar da zai jefa ɗan uwansa. Suratul Baƙara ma ta ba mu labarin waɗanda idan aka ce musu kada ku yi ɓarna a bayan ƙasa, sai su ce mu ai masu gyara ne.

Na san akwai mai ilimi a cikinku da zai ce to Khidir fa, ai ya kashe yaro saboda abin da ya hango. Amsar tana cikin surar, Kahfi aya ta 82, inda ya ce bai aikata hakan bisa umarnin kansa ba. Ilimi ne daga Allah, kuma ƙofar wahayi ta rufe. Imam Muslim ya ruwaito cewa Najda, ɗaya daga cikin jagororin Khawarij, ya rubuta wa Abdullahi ɗan Abbas yana tambaya a kan kashe yara. Ibn Abbas ya amsa masa cewa Manzon Allah bai kasance yana kashe yara ba, don haka kada ya kashe su, sai fa idan ya san abin da Khidir ya sani game da yaron nan. Wa ya sani? Babu kowa. Danzo bai san gobe ba, hasashe ya yi, ya ɗora wa yaro ɗan shekara 13.

Hujjar cewa umarni aka ba shi ma ba ta tsayuwa. A Bukhari da Muslim, Sayyidina Ali ya ba da labarin wata runduna da shugabanta ya fusata, ya sa aka hura wuta, ya ce su shiga tunda an umarce su da yi masa biyayya. Suka tsaya suna kallon juna, suka ce ai wuta muka gudo muka zo wurin Manzon Allah. Da labari ya kai ga Annabi sai ya ce da sun shige ta da ba su fito ba, biyayya a cikin abin kirki kawai take.

To shin Musulunci bai duba dalilin mutum ba ne? Yana dubawa, kuma a nan nake so ku tsaya, domin mun gaji ma'auni mafi kyau fiye da tsinuwa jiya, yabo yau. A shekara ta 8 bayan Hijira, ana shirin buɗe Makka a asirce, wani sahabi, Hatib ɗan Abi Balta'a, ya rubuta wa Ƙuraishawa takarda yana sanar da su, ya ba wata mata ta kai. Annabi ya tura Ali da Zubairu da Miƙdad, suka cim mata a wani wuri mai suna Raudatu Khakh. Ta musa, suka matsa, sai ta zaro takardar daga cikin kitsonta. Cin amana ke nan a fili. Sayyidina Umar ya nemi izinin sare wuyansa. Annabi kuwa tambaya ya fara yi: ya Hatib, mene ne wannan? Hatib ya ce kada a yi masa gaggawa, shi ba asalin Baƙuraishe ba ne, iyalinsa suna Makka ba su da dangin da zai kare su, ya so ya yi wa mutanen wani alheri don su ƙyale iyalinsa, ba don ya bar addini ba. Annabi ya ce ya faɗi gaskiya, ya tuna wa Umar cewa mutumin ya halarci Badar. Aka yi masa afuwa. Duk da haka farkon Suratul Mumtahana ya sauka yana hana abin da ya aikata, kuma muna karanta shi har yau. An saurari uzurin mutumin, an ji ƙansa, amma babu wanda ya tashi ya ce aika takardar jarumta ce.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, shi kansa labarin na Japan bai wanke Itachi yadda masoyansa suke wanke shi ba. Dubi abin da ƙaryarsa ta yi wa ƙanen da ya ce yana so. Da ƙarfin tsafin da ke idanunsa ya sa yaron ya riƙa ganin kisan iyayensa yana maimaituwa. Da suka sake haɗuwa ya karya masa hannu, ya sake jefa shi cikin wannan azabar har ya kwanta asibiti bai san inda kansa yake ba. Sasuke ya gudu daga gari ya bi wani mugun ninja mai suna Orochimaru, ya kusa kashe amininsa Naruto. Ranar da ya ji gaskiya kuwa, ƙiyayyar da aka shuka masa ba ta mutu ba, sai ta juya kan ƙauyen da aka zubar da jinin duka domin a kare shi. Ya kashe Danzo, ya soke abokiyar tafiyarsa Karin don ya same shi. A babin da ya fito a 2012, inda marubucin ya dawo da Itachi daga mutuwa na ɗan lokaci, Itachi da bakinsa ya amsa cewa ya yi kuskure. Ya ce da ya fuskanci ƙanensa da gaskiya tun farko, maimakon ya riƙa kallonsa a matsayin yaron da za a lallaɓa, wataƙila da Sasuke ya sauya ra'ayin iyayensu. Masu yanka bidiyo suna ɗaukar inda ya ce zai so shi har abada, su sa kiɗa mai sa kuka, su tsallake wannan wurin.

Yanzu mu dawo gida, don a nan abin yake yi mini ciwo. Mu ba mu da takobi, amma muna da takardun gado. Uba ya rasu, babban yaya ya kulle takardun gida da na gona a akwatinsa, shekaru suna tafiya ba a raba ba. Ƙanwa ta tambaya, a ce mata ba ta da kunya. Ƙane ya tambaya, a ce masa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Rana tsaka sai a ji an sayar da fili, wai an juya kuɗin ne don amfanin kowa. Wani ya ɓoye wa ƙanwarsa aibin manemin da ya sani sarai, don kada auren ya fasu. Wani ya ƙirƙiri magana ya raba ƙanensa da abokinsa ko da matarsa, yana ganin ceto ya yi. Idan asiri ya tonu, jumlar ɗaya ce: don amfaninka na yi.

Yayana, mai yiwuwa da gaske kake, ban shiga zuciyarka ba, kuma an hana mu tsaga zukata. Na kuma yarda ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, akwai sirrin da rufe shi ibada ne, kamar aibin ɗan uwanka da bai shafi haƙƙin kowa ba. Amma haƙƙin mutum ba sirrinka ba ne. Allah da kansa ya yanka rabon gado a Suratun Nisa'i, bai bar wa babban ɗa ya ga dama ba. A aya ta 6 ya ce idan kun ga hankali a tare da marayu ku miƙa musu dukiyarsu, kuma ku kafa shaidu. A aya ta 10 ya ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke zubawa a cikinsu. Ƙanenka mai shekara 25 ba jariri ba ne. Idan shawararka mai kyau ce, me ya hana ka faɗe ta a gabansa da gaban mahaifiyarku?

Kai kuma ƙane da aka cuta, kada ka ɗauki hanyar Sasuke. Ka tambaya kafin ka yanke hukunci, kamar yadda aka tambayi Hatib. Ka nemi haƙƙinka ta hannun kawu ko baffa, ko limamin unguwa, ko alƙali idan ta kai ga haka, wannan ba rashin ladabi ba ne. Amma kada ka daina gaisuwa, kada ka hana 'ya'yanka shiga gidansa, domin hadisi ya tabbata cewa mai yanke zumunta ba zai shiga Aljanna ba. Annabi Yusuf da ya samu iko a kan waɗanda suka jefa shi rijiya, sai da ya tuna musu abin da suka aikata, suka amsa laifinsu, sannan ya ce babu zargi a kanku yau.

Duk wanda wani abu na 'yan uwansa yake hannunsa ba da saninsu ba, kuɗi ne ko takarda ko wata magana da ta shafi rayuwarsu, ya tara su a makon nan ya buɗe musu, tun yana da bakin yin bayani. Allah ya shirya tsakaninmu da 'yan uwanmu, ya jiƙan iyayenmu, ya ba mu ikon sauke amana.