Shin Kun Aikata Suratul Ma'un?

Assalamu alaikum 'yan uwa.

A shekarar 1912, lokacin da Turawan Holan ke mulkin Indonesiya, wani malami mai suna Ahmad Dahlan ya kafa ƙungiyar Muhammadiyah a birnin Yogyakarta. Makarantun zamani a lokacin galibi na hannun gwamnatin mallaka ne da 'yan mishan, ɗan talaka Musulmi kuwa ba shi da rabo a ciki sai kaɗan.

An ruwaito cewa Malam Dahlan ya daɗe yana maimaita wa almajiransa Suratul Ma'un, yau ita gobe ita, har suka ƙosa suka ce sun haddace ta, ma'anarta ma sun sani. Sai ya tambaye su ko sun aikata ta. Daga nan ya tura su cikin gari su nemo marayu da miskinai, su ciyar da su, su tufatar da su.

Subhanallah! Ayoyi bakwai ne fa kacal, kuma yaranmu ƙanana suna karanta su a sallah. Amma Allah a cikinsu Ya siffanta mai ƙaryata ranar sakamako da tunkuɗe maraya da ƙin kwaɗaitarwa a kan ciyar da miskini. Har masallata Ya yi wa gargaɗi, waɗanda ke sakaci da sallarsu, suna riya, suna hana taimako. Wallahi wannan ya isa ya hana mai hankali barci.

Malamin bai tsaya kukan zaluncin Turawa ba. Ya buɗe makarantu da ake koyar da Alƙur'ani tare da lissafi da sanin ƙasa, duk da wasu sun zarge shi da kwaikwayon kafirai. Mata ma ba a bar su a baya ba, a 1917 aka kafa musu ƙungiyar Aisyiyah. A 1923, shekarar da ya rasu, Muhammadiyah ta buɗe ɗakin shan maganinta na farko don talakawa.

Su suna ƙarƙashin mulkin baƙi suka yi wannan. Mu da ke da 'yanci, ga waya a hannu muna ta jayayya dare da rana, marayu nawa muka ɗauki nauyin karatunsu? Ɗan uwa, akwai yaron da ka sani wanda kuɗin makaranta ya zaunar da shi a gida. Ka je ka biya masa zango ɗaya, ba tare da ka ɗauki hotonsa ka watsa ba.

Allah Ya jiƙan Malam Ahmad Dahlan da ire-irensa, Ya karɓi ayyukansu. Amin.