Ƙannena, Ku Kula da Kalmomin Isar da Magana a Turanci

Ƙannena masu koyon Turanci, da ku abokaina masu rubuta takardar neman aiki da saƙonnin ofis, akwai abin da ya daɗe yana tsaya mini a rai. Sai in ga matashi mai kaifin basira, ya san abin da yake son faɗa sarai, amma kalma ɗaya tak ta zubar masa da ƙima a idon mai karatu.

Tushen matsalar daga bakinmu yake. Mu muna cewa "ya ce mini", "ya gaya mini", "ya bayyana mini", kuma "mini" ɗin nan na zaune daram a ko'ina. Turanci bai yarda da haka ba. "Tell" ce ke ɗaukar mutum kai tsaye: "tell me", "tell her". "Say" kuwa maganar take ɗauka, in za ka sako mutum sai ka sa "to", kamar "she said to me". Saboda haka "he said me" kuskure ne, haka ma "he told that he was coming", domin "tell" tana neman wanda aka gaya wa, in ban da 'yan wurare da aka saba, irin su "tell the truth" da "tell a story". "Explain" da "suggest" halin "say" suka ɗauko, "explain it to me" ake cewa. Ita kuma "discuss" ba ta buƙatar "about", don Allah ku daina jingina mata.

Sai maganar sanin wuri. "Say" da "tell" 'yan gida ne tun tsohon Turanci. "Tell" ma har ƙidaya take nufi a da, shi ya sa ake kiran mai ƙirga kuɗi a banki "teller". Su kuwa "inform", "notify", "announce" da "report" asalinsu Latin ne, ta Faransanci suka shigo bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu. Har gobe ƙanshin hukuma bai bar jikinsu ba. In ka rubuta wa amininka "I wish to inform you", ka sa bango tsakaninku ba gaira ba dalili. "Announce" ta taron jama'a ce, "report" ta kai bayani ga wanda ke da alhaki.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali ba nahawu ba ne, amana ce. Kowace kalma da ka zaɓa tana tona inda ka tsaya game da labarin. In ka rubuta "he said", ka isar da magana ne kawai, ba ka ƙara ba ka rage ba. In ka ce "he claimed", ka nuna kana tababa, kamar yadda muke cewa ya yi iƙirari. "He admitted" ta fi haɗari, domin ma'anarta ya amsa abin da ba ya so a sani, galibi laifi. Ka duba mutumin da ya ce ya makara saboda rashin lafiyar ɗansa, kai kuma ka rubuta wa shugabanku "he admitted", don kawai ka ji kalmar ta fi nauyi a baki. Ka shafa masa kashin kaji, alhali bai yi maka komai ba. "Revealed" da "confirmed" kuma suna nufin abin ya tabbata. Kullum ina ganin masu ɗaukar jita-jita a Facebook su ɗora mata "confirmed", wasu dubbai su kwasa su yaɗa. 'Yan jarida masu tsoron zalunci "alleged" suke sawa kafin kotu ta yanke hukunci, wato zargi ne tukuna.

Mu da muka san bambancin gaya wa mutum magana da tsegunta masa, da sanarwa da gargaɗi, bai dace mu zama makafi ba don mun sauya harshe. Kafin ka danna aikawa, ɗan'uwa, ka mayar da jimlar Hausa a zuciyarka. Cewa ya yi, ko amsa laifi ya yi? Da kunnenka ka ji, ko an ce maka ne? In har yanzu kana kokwanto, buɗe ƙamus mai misalai, ka dubi kalmar da ke biye da fi'ilin, "to" ce ko "of" ko mutum kai tsaye, sannan ka rubuta jimla uku naka na kanka da fi'ilin.