Likitan da kuke kukan ya gudu, a ajin nazare ake fara gina shi

Wannan tallar neman malamar nazare da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp tun jiya wallahi ta hana ni sukuni. Kun dai gan ta. Makaranta ce a nan Zariya mai ƙaton get da motar ɗaukar yara, tana neman wadda za ta riƙe mata yara 'yan shekara uku zuwa biyar, wai takardar sakandare ma ta isa, albashin kuwa ko kuɗin motar wata guda daga Tudun Wada zuwa Samaru ba zai biya ba. Sai kuma ga masu kare su suna cewa ai raino ne kawai, waƙa ce da ABCD. Raino? Haba jama'a!

A Zariya fa ake faɗin wannan maganar. Garin da ABU take tun 1962, garin asibitin koyarwa na Shika, da cibiyar binciken noma ta Samaru, da Barewa da Alhudahuda, da kwalejin horar da malamai da muka taso muna kira FCE. Kuma mutanen nan da ke cewa raino ne, su ne gobe za ka ji suna kuka likitocinmu sun watse Saudiyya da Ingila, babu masu bincike, jami'a ta lalace. To daga ina kuke so likitan ya fito? Daga sama zai faɗo da farar riga?

Ku duba hanyar da mutum ke bi kafin ya zama likita mai bincike. Shekara shida a makarantar likitanci, shekara guda ta horo a asibiti, bautar ƙasa, sannan wasu shekaru na neman ƙwarewa da jarrabawa kan jarrabawa, in kuma ɓangaren jami'a ya bi ga digiri na biyu ga na uku, ga yajin aiki irin na 2022 da ya cinye wata takwas cur, ga ɗakin gwaje-gwaje da wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki, wani lokacin da albashinsa zai sayi sinadaran da zai yi gwajin. Ba mai jure wannan doguwar tafiya sai wanda ya taso da son tambaya, da haƙurin zama kan abu guda har ya gane shi, da iya karatu yana fahimta. Waɗannan abubuwa uku a ajin nazare ake dasa su ko a kashe su. Tun ran gini tun ran zane.

Kuma ba ni na ƙirƙiro ba, likitocin ne da kansu suka gano. Mafi yawan girman ƙwaƙwalwar ɗan Adam kafin shekara biyar yake faruwa. A ƙasar Jamaika, cikin shekarun 1980, masu bincike sun ɗauki yara masu tsumburewa saboda rashin abinci mai gina jiki, ana zuwa gidajensu duk mako ana nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da su, na tsawon shekara biyu. Bayan shekara ashirin aka koma aka nemo su, aka tarar abin da suke samu ya fi na takwarorinsu da ba a yi wa hakan ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. Wasa da hira fa, abin da kuke rainawa. Mu kuma a nan Arewa maso Yamma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaranmu 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Yaron da ya zo aji da wannan rauni shi ya fi kowa buƙatar ƙwararriyar malama, sai mu miƙa shi ga yarinyar da ita kanta jiran sakamakon JAMB take, ta samu ta gudu.

Ba laifin yarinyar ba ne, Allah ya sani. An zuba mata yara fal ɗaki, babu littafin hoto ko guda, babu kayan wasa, an ce ta tabbata kafin ƙarshen zango suna rubuta ɗaya zuwa ɗari saboda iyaye su ga aiki. Me za ta yi in ba bulala da hadda ba? Yaro ɗan shekara huɗu da Hausa yake mafarki, an hana shi furta kalma ɗaya da harshen uwarsa, ya yi tambaya a ce ya cika surutu. Nan ake yanka mai binciken tun bai san sunan aikin ba, sai bayan shekara ashirin lakcara ya zauna yana mamakin ɗalibin da ba ya iya rubuta shafi guda sai ya kwafo.

Na san masu "mu ma a ƙarƙashin bishiya muka yi karatu kuma ga mu" suna nan tafe. Malam, ƙirga 'yan ajinku nawa suka kai inda ka kai, sauran suna ina? Masu cewa babu kuɗi kuma don Allah su ƙyale mu. Dokar UBE ta 2004 ta sa kula da ilimin ƙananan yara cikin ilimin bai-ɗaya, an ware wa hukumar da ke kula da shirin kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, kuma akwai kwas na musamman kan ilimin ƙananan yara a kwalejojin ilimi. Dokar na nan, masu takardar na nan suna zaune a gida, albashin ne ba zai riƙe su ba. A 2017 jihar nan ta girgiza da aka ce malaman firamare sama da dubu ashirin da ɗaya sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu, aka yi ta cece-kuce, amma wa ya leƙa ajin 'yan shekara huɗu ya ga wa ke ciki? Har yau a makarantu da yawa malamar da aka ga ta fi rauni ita ake turawa can.

Ina roƙon malamanmu na jami'a, musamman na sashen ilimi da likitocin yara na Shika, don girman Allah ku fito da bincikenku daga kabad. Ku shigo Gyallesu da Tudun Jukun da cikin birni ku auna yaranmu, ku rubuta mana da Hausa abin da kuka gani, ku faɗa a rediyo iyaye mata su ji. Ajin nan naku ne, ɗalibanku na gobe ne a zaune a kan tabarmar.

Sannan wannan bikin yaye 'yan nazare da aka ƙirƙiro, wa ya kawo mana shi ne? A karɓi kuɗin riga da hula, kuɗin hoto, kuɗin kek, kuɗin mai kiɗa, uba ya ci bashi don kar ɗansa ya ji kunya, yaro ya wuni a rana cikin baƙar riga yana kuka. Wata maƙwabciyata sai da ta sayar da tunkiyarta bara saboda wannan bikin, kuma bana ƙanwar yaron ce za a yaye.