Doki 380, Harawar Akuya

Alhaji ya shigo gareji a unguwar Apo ta Abuja da Lexus LS 460 ɗinsa, gilasai a rufe, esi a kunne, ya sa aka danna hon sau uku alhali Bakanike na tsaye a gaban motar, taku biyu tsakani. Sai da Direba ya zagayo ya buɗe ƙofa sannan ya tattaro babbar riga ya sauko. Inji kuwa yana ta aiki.

Alhaji: Injiniya, an yi wa motar nan asiri.

Bakanike: Subhanallahi! Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Me ta yi?

Alhaji: Sha take yi. Ran Litinin na cika tanki, yau Alhamis allura ta kwanta kamar mai zazzaɓi. Maƙwabcina nake zargi. Ranar da aka kawo ta daga Kwatano, "Allah ya sa alheri" kawai ya ce, ko shafa ta bai yi ba.

Bakanike: To a kashe ta mana mu duba.

Alhaji: A kashe? Esi ya huce? In na koma in zauna a cikin me, tanda?

Bakanike: Ranka ya daɗe, wannan injin silinda takwas ne, lita 4.6. A tsayen nan da take da esi, cikin awa guda tana iya shanye kusan lita biyu, ko taku ɗaya ba ta yi ba.

Direba: Ai jiya awa uku muka yi a ƙofar ma'aikata muna jiran Darakta, tana kunne.

Alhaji: Wa ya tambaye ka? So kake Darakta ya leƙo ta taga ya gan ni ina fifita da hula? Wa zai ba mai gumi kwangila?

Aka kashe dai, bayan Alhaji ya tabbatar 'yan garejin duk sun ji ƙarar injin. Bakanike ya buɗe bonet, ya yi shiru irin shirun likitan da ya buɗe sakamakon gwaji.

Bakanike: Lita nawa kuke sa mata?

Alhaji: Ni ba na ƙirga lita. Cewa nake "a cika".

Direba: Yaushe rabon...

Alhaji: Kai!

Direba: Na dubu biyar muke sa wa, Oga. Ran Litinin ɗin ma cikawar ta bashi ce.

Tankin lita 84 yake ci. Lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, da dubu goma sha shida da 'yan kai Alhaji ke cika shi har ya bar wa yarinyar gidan mai canji. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, kwana biyu lita ta koma 537 a Abuja, a Yuli ta zama 617, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu. Tun daga lokacin masu manyan motoci suka koyi kallon mitar famfo da idon mai gadi. Ita mitar ma a wani gidan man sai ta rubuta goma, tanki ya karɓi takwas, biyun kuma sai a Lahira.

Alhaji: Abin da nake so, ka murɗa mata wani abu ta riƙa shan mai kamar Keke Napep. Amma ƙarar nan ta zauna yadda take. Da gudun.

Bakanike: Allah ya ja zamaninka, doki 380 ne a cikin injin nan. Ka ɗaure doki 380 a barga, kana son harawar akuya ɗaya ta ishe su?

Alhaji: 380? Kai, ka ji? Rubuta. Zan gaya wa maƙwabcin nan.

Bakanike: Ko sabuwa ce dal, a cikin gari abin da take yi wajen kilomita 7 ne a lita, a doguwar hanya kamar 10. Nauyinta kusan tan biyu. Duk tsayawa da tashi sai ta ɗaga tan biyun nan daga kwance, a nan man yake tafiya. Taka kuwa da ƙyar in tana yin 4. Uku ɗin da suka ɓata su za mu nemo. Ina kake zaune?

Alhaji: Asokoro.

Direba: Mararaba.

Alhaji: Asokoro ce ta miƙe ƙafa! Wa ya shata iyaka?

Bakanike: Ƙarfe nawa kuke fitowa?

Alhaji: Bakwai da rabi, kamar kowane babban mutum.

Bakanike: Wato tsakiyar gosulon Nyanya. Da za ku fito da an idar da Asuba, minti talatin kun wuce shataletalen AYA. Awa biyun da kuke yi kuna rarrafe, rabin man a nan yake ƙonewa.

Alhaji: In fito da duhu? Wa zai gan ni? Mota irin wannan a gosulo ake ganinta, Injiniya. A guje ai kowa ma Corolla ne.

Bakanike ya haɗiye abin da ya zo masa baki, ya leƙa gaban sitiyari, ya ga baƙin salatif manne a gilashin mita. Ya ɓanɓare. Wutar cek, mai gargaɗin matsalar inji, ta bayyana, rawaya shar, da alama ta shekara tana kira ba mai amsawa.

Alhaji: Mayar! Tana damun idona. Wancan bakaniken ya ce haka motocin Amurka suke, sanyin can ne bai sake su ba.

Bakanike: Wane bakanike?

Alhaji: Wani ne can, gwani. Shi ya cire mata tamostat, ya ce na ƙasar ƙanƙara ne. Ya haɗa fanka kai tsaye, da ka murɗa tana juyawa. Ya kuma cire wani abu a salansa, indomi yake ce masa, wai yana toshe mata numfashi. Ko sisi bai karɓa ba. Mutumin kirki.

Bakanike: Ya ba ka abin da ya cire?

Alhaji: Ya ce zai yar mini.

Duk garejin aka yi tsit. Wani yaro da ke ƙarƙashin wata Camry ya fito da kansa don ya ga fuskar mutumin da aka cire wa indomi kyauta har yana godiya. Indomin nan, mai tace hayaƙin mota, abu ne da ake saye da tsada saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinsa, ɓarayi ma na bin dare su yanke.

Bakanike: Ranka ya daɗe, ga asirin da kake nema. Ba tamostat, fanka na ta hurawa, inji ba ya kai zafin da aka yi shi ya yi aiki a kai. Kwamfutar motar sai ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai kamar uwar da ke ɗura wa yaro koko. Ga sensar da ke shinshina hayaƙi ta mutu, ita ce ta kunna wutar da ka rufe. Makauniya ce yanzu motar, zuba mai kawai take yi da ka.

Alhaji: To ai maganata ta fito. Wa ya makantar da ita? Maƙwabcin nan...

Bakanike: Ga filtar iska. Yaushe aka canza?

Direba: Muna kakkaɓewa.

Bakanike ya buga ta da taya, ƙurar hunturu biyu ta tashi, Alhaji ya ja baya yana kare shadda. Aka zaro fulogi ɗaya, baƙi ƙirin. Aka zaro sandar baƙin mai, abin ya biyo ta kamar maɗi.

Alhaji: Yauwa, wannan ni na zaɓa. Mai kauri. Babbar mota sai mai mai jiki.

Bakanike: 20W-50 ne wannan, na tsofaffin motoci. Wannan injin mai ruwa-ruwa yake so, ga lambar nan a murfi. Kamar ka sa mutum gudu a cikin taɓo ne. Za mu yi juye, mu sa fulogi takwas...

Alhaji: Takwas? Sa huɗu. Sauran su yi haƙuri zuwa wata mai zuwa.

Bakanike: Ba a yi wa silinda rabon kwana, Alhaji.

Alhaji: To cire huɗun gaba ɗaya! Ka ga ta koma silinda huɗu, shan mai ya ragu rabi. Amma kar ka taɓa rubutun da ke baya.

Yaron ƙarƙashin Camry ya koma ciki, kafaɗunsa na rawa.

Aka zo taya. Ta gaba 22, ta baya 50, ɗaya 28, ta huɗun kuwa mai faci ne kawai ya san abin da ya nufa da ita. Bakanike ya nuna takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, inda kamfani ya rubuta talatin da 'yan kai, ya ce taya mai ƙarancin iska jan mota take yi baya. Alhaji ya ce shi da ƙafa yake gwadawa, kuma ƙafarsa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Ban san me ya sa duk mai mota a ƙasar nan ya yarda ƙafarsa ta fi geji ba, amma haka muka taso muka gani.

Bakanike: Buɗe but.

Alhaji: Ba sai an buɗe ba.

An buɗe. Buhun shinkafa biyu, ƙaramin janareta, jarka uku, tayil na gwaji kwali biyu, kujerar roba, da ɗaurin fastocin takarar kansila da Alhaji ya yi bai ci ba, yana murmushi a kowace.

Bakanike: Shinkafar nan kaɗai kilo ɗari ce. Kullum kana biya wa ƙarti uku kuɗin mota zuwa gari su dawo. Me ya hana a sauke a gida?

Alhaji: Dangin Hajiya sun zo tun Ƙaramar Sallah. In suka ga buhu, sai Babba.

Wannan kam ko Bakanike bai yi musu ba. Ya juya kan Direba.

Bakanike: Kai kuma yaya kake tuƙi?

Direba: Yadda aka ce. In danja ta ba da hannu, Oga ya ce kar wata ƙaramar mota ta riga mu tashi, raini ne. Sai in take totur, in mun isa danja ta gaba in take birki. Amma ina yi masa tattali, a gangaren Kugbo firi nake sa ta. Wani lokacin ma in kashe gaba ɗaya.

Bakanike: Inna lillahi! Ka kashe inji a Kugbo, da tireloli a bayanka? In birki da sitiyari suka ƙi ka fa? Kuma firin ma asara ce. Bar ta a giya ka ɗage ƙafa, ita da kanta take yanke mai. A firi kuwa sai ta ci gaba da sha don kar ta mutu. Tashi a hankali, hango danja tun daga nesa ka saki totur. Wannan kaɗai ya fi duk abin da zan ɗaura mata.

Alhaji: Wato Vectra ta wuce ni ina kallo.

Bakanike: Ta wuce, ku haɗu a danja.

Alhaji: Allah ya sauwaƙe. Ai ni na riga na sayi maganin abin, dubu goma sha biyar a gosulo.

Ya nuna wani ɗan koren akwati da aka soka ƙarƙashin sitiyari, yana ƙyafta wuta. Bakanike ya ɓalle shi da sukundireba. Ƙwan fitila ɗaya ne a ciki da 'yar waya.

Alhaji: Amma ai yana ƙyaftawa.

Bakanike: To ko a mayar da ita gas? CNG ya fi fetur araha nesa ba kusa ba, 'yan tasi da yawa sun koma.

Alhaji: Tukunya a but ɗina? Ƙosai zan soya? In bi layi da 'yan tasi, a ce Alhaji ya karye? Ina shinkafa za ta zauna?

Bakanike: Ko ka sayar, ka sayi ƙarama. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Alhaji ya dube shi kamar ya zagi kakansa. Ya ce a rubuta kuɗin gyara. Aka rubuta: tamostat, sensa, fulogi takwas, filta, juye. Ya karanta daga sama zuwa ƙasa, ya sake karantawa daga ƙasa zuwa sama ko zai ragu, ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Alhaji: A daidaita iskar taya tukuna. Sauran zan yi shawara. Mayar mini da salatif ɗina.

Bayan sati uku Bakanike ya je Area 1 sayen kaya, sai ga wata koriyar tasi ta tsaya, mutum huɗu a baya. Na uku da ya fito, babbar riga duk ta yamutse, makullin Lexus na lilo a yatsa yadda kowa zai gani. Direba ya fito daga gaba, inda suka zauna su biyu a kujera ɗaya.

Bakanike: A'a, ranka ya daɗe! Ina motar?

Alhaji: Tana hutawa. Likita ya ce in riƙa cuɗanya da talakawa.

Bakanike: To ai shi ke nan, an huta da sayen mai.

Direba: Ina fa! Kullum da safe sai na tayar da ita rabin awa, in yi hon uku don maƙwabci. Da yamma in an ɗauke wuta, a ciki Oga ke karɓar baƙi, da esi. Jarka biyu muke saye a sati wajen 'yan bumburutu.

Alhaji ya matso, ya rage murya, ya kama hannun Bakanike.

Alhaji: Ka ji da kunnenka ko? Sati uku ko ƙofar gida ba ta fita ba, kuma tana sha. Yanzu ka ce mini ba asiri ba ne.